Tace Saƙonnin Banza Ba Tare da Zubar da na Kirki Ba

Assalamu alaikum, jama'a. Yawancinku ku ne masu kula da sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonni, a kamfanoninku, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Duk wanda aka ɗora wa wannan aiki, ƙorafin farko da yake sha shi ne saƙonnin banza sun yi yawa. Sai ya fusata ya tsananta tacewa. To, ku yi tunani: saƙon talla in ya kutsa, ma'aikaci zai goge shi nan take. Takardar kwangila kuwa in ta ɓace, ba mai sani sai ciniki ya kuɓuce.

Ku fara da tantance mai aikowa. SPF yana nuna ko sabar da ta turo saƙon tana da izinin yin magana da sunan adireshin. DKIM sa hannu ne da ke tabbatar da cewa ba a taɓa saƙon a hanya ba. DMARC kuma shi ke faɗin abin da za a yi idan tantancewar ta gaza. Tun watan Fabrairun 2024, Gmail ya wajabta duka ukun ga mai aika saƙo sama da 5,000 a rana. Amma ku kula, saƙon da aka karkatar daga wani akwati zuwa wani yakan kasa cin gwajin SPF alhali ba shi da laifi. Kada alama ɗaya ta yanke hukunci.

Shi ya sa nake son tsarin maki. SpamAssassin, wata manhajar tace saƙonni, yana tara wa saƙo makin zargi daga alamomi da yawa, kuma asalin iyakarsa maki 5 ne. Abin da ya haura kaɗan a killace shi, a riƙa tura wa kowane ma'aikaci jerin abin da aka killace masa kullum, ya saki na kirki da kansa. Abin da ya yi muni ƙwarai, misali daga sabar da ke cikin jerin Spamhaus na masu aika saƙonnin banza, a ƙi karɓarsa tun a bakin ƙofa da lambar 550 mai nuna an ƙi karɓar saƙo, domin mai aikowa ya sami labari. Abin da nake roƙonku, don Allah, kada ku karɓi saƙo sannan ku goge shi a ɓoye. Mai aikowa na jiran amsa, ma'aikacinku bai san an rubuto ba, kowa na zargin kowa.

Sai batun toshe ƙasa baki ɗaya. Mu 'yan Najeriya mun ɗanɗani wannan: saboda 'yan 419, akwai masu kula da saba a ƙasashen waje da ke toshe duk abin da ya fito daga nan, ɗan kasuwa mai gaskiya a Kantin Kwari ya yi ta aika saƙo ba ya isa. Kafin ku toshe wata ƙasa, ku je sashen saye da sayarwa ku tambaye su da waɗanne ƙasashe suke hulɗa.