Jawabin kwamitin ilimi: komawa karatun jami'a bayan an girma a Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan'uwa, barkanmu da wannan zama.

A ɗakin nan akwai direbobin tasi, akwai masu aikin kula da tsofaffi, akwai iyaye mata da raino ya katse musu karatu tun a gida. Kwamitin ilimi na so ku san cewa ƙofar jami'a ba ta rufe muku ba, amma shigarta sai da lissafi.

Mu ɗauki Open University, wadda aka kafa a 1969, hedikwatarta na Milton Keynes. Wanda ya san NOUN ta Nijeriya ya san salon: karatu daga gida. A mafi yawan kwasa-kwasan digirin farko ba ta tambayar sakamakon sakandare, ba ta kuma cewa ka tsufa. Digiri kiredit 360 ne, kiredit kuwa shi ne ma'aunin yawan karatun da ke cikin kwas. Kiredit 120 na ba da satifiket, 240 difloma, don haka ko an tsaya a hanya ba a tashi hannu rabbana ba. Ana farawa ne galibi a Oktoba ko Fabrairu.

Ga inda mutanenmu suke tuntuɓe. Kiredit 60 a shekara yana cin awa 16 zuwa 18 a mako, kuma a haka digiri shekara shida ne. Sai mutum ya ga shidan ta yi masa tsawo, ya ɗauki 120, alhali yana aikin dare. Ya dawo da asuba ido ja wur, ya buɗe kwamfuta a teburin kicin, yara na neman kayan makaranta, shafi biyu barci ya kwashe shi. Kafin Janairu aikin gida biyu sun wuce shi. Don Allah a ɗauki takarda a rubuta awannin mako, a cire na aiki, na sallah, na kai yara, na barci. Abin da ya rage shi ne gaskiyar abin da za a iya. In awa tara ce, a fara da kiredit 30. Wanda ya daɗe rabonsa da aji ya soma gwada kansa a OpenLearn, shafin darussan jami'ar a intanet, kyauta ne.

A duba ranakun miƙa aiki a gwada su da watan azumi. Malamin da aka haɗa ka da shi yana iya ƙara maka kwanaki, amma sai ka roƙa kafin ranar ta wuce. Shiru shi ke kayar da ɗalibi. Haka janyewa: bayan kwana 14 da fara kwas, kuɗin ya fara hawa kanka, kuma yana ƙaruwa gwargwadon jinkirinka.

Masu takardun gida, NCE ko HND ko digiri, kada ku bar su a akwati. Hukumar UK ENIC ce ke ba da takardar da ke nuna matsayinsu a nan. Open University na iya rage maka kiredit saboda karatun baya, in bai wuce shekara 16 ba, amma a nemi wannan kafin rajista, tare da cikakken sakamakon kowane zango. Fito da shi daga makarantun gida kan ɗauki watanni, a fara nema yanzu.

Sai kuɗi. Bashin karatu na gwamnati yana da sharuɗɗan izinin zama da shekara uku a ƙasar nan, kuma mai digiri a hannu ba kasafai ake ba shi don wani digirin ba, sai a wasu fannonin kimiyya. Akwai ruwa a kansa, wannan kuwa magana ce da kowa zai kai wa malaminsa na addini kafin ya sa hannu. Ana iya biyan kowane kwas daban daga aljihu, wasu wuraren aiki ma suna biya wa ma'aikatansu in an tambaya. A kuma sani karatun daga gida ba ya ba da bizar ɗalibi.

Mazauna Landan da suka fi son aji da malami a gaba, jami'ar Birkbeck da yamma take koyarwa. Iyayenmu da suka yi ritaya kuma akwai ƙungiyar u3a, ba jarrabawa, ba takardar shaida, zama ne na koyo da juna.

Zama mai zuwa kowa ya zo da kwafin takardunsa da jadawalin aikinsa na mako, za mu zauna da ku ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya ba da sa'a. Wassalamu alaikum.