Wa Ke Biyan Mai Duba Gubar Masana'antu? Lacca Kan Tallafin Tarayya Ga Jihohi A Amurka

An kwafo wannan lacca ne daga faifan da aka naɗa a wani taron ma'aikata da ɗaliban lafiyar muhalli. An rage maimaici, amma ba a taɓa maganar ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu da ke sahun gaba, 'yan'uwana ma'aikata da ƙannena ɗalibai, barkanmu da warhaka.

An nemi in yi magana kan yadda gwamnatin tarayyar Amurka ke ba jihohinta kuɗi domin su kula da shara mai guba. Na san wasu za su ce wannan ai maganar akantoci ce. Ni kuwa a ganina nan ne ran aikin yake. Doka, ko yau aka so sai a rubuta ta. Amma mutumin da zai shiga mota ya je masana'anta, ya buɗe ganga, ya ɗebi abin da ke ciki ya kai ɗakin gwaje-gwaje, wannan mutum yana buƙatar albashi da man mota da kayan kariya, kuma dole wani ya biya. Wa zai biya, nawa zai biya, kuma bisa wane sharaɗi? Abin da ya tara mu ke nan.

Sharar da nake nufi ba bolar gida ba ce. A dokar Amurka, shara tana shiga wannan sahu idan tana saurin kama wuta, ko tana cin ƙarfe da fatar mutum, ko tana iya fashewa, ko kuma guba irin dalma da kuromiyam na tsattsafowa daga cikinta su shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma jerin wasu dagwalon masana'antu da aka ambata da suna.

Bari in kai ku birnin Niagara Falls a jihar New York, wata unguwa da ake kira Love Canal. Wani kamfanin sinadarai mai suna Hooker ya yi kusan shekara goma, daga 1942, yana zuba dagwalonsa a wani tsohon ramin magudana, har ya kai kimanin tan 21,000. A 1953 ya rufe ramin da ƙasa, ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala 1. Aka gina makarantar firamare a wurin, gidaje suka kewaye ta. Shekaru ashirin da 'yan kai bayan haka, ruwan sama da narkewar ƙanƙara suka taso da abin da aka binne. Baƙin ruwa mai wari ya fara shiga ɗakunan ƙarƙashin gidaje, gangunan da suka ruɓe suka fara leƙowa a tsakar gida, yara suna dawowa daga wasa da ƙuna a hannu. Wata matar aure a unguwar, Lois Gibbs, ita ta riƙa bi gida-gida tana haɗa kan iyaye. A watan Agusta na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe ɗaruruwan iyalai.

Abin lura shi ne, lokacin da wannan ya fashe, akwai doka. Tun Oktoban 1976 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar kula da shara da ake taƙaita sunanta da RCRA. Sai dai Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar, wato EPA, ba ta fitar da cikakkun ƙa'idojin aiki da ita ba sai a 1980. A wannan shekara ce kuma aka yi wata doka ta daban, Superfund, domin share tsofaffin wuraren da aka riga aka gurɓata. Don Allah kada ku haɗa su. Superfund magani ce bayan ciwo ya kama. RCRA ita ce ke sa ido kan masana'antar da ke aiki yanzu, don kada a sake haƙa wani ramin irin wancan. Kuɗin da zan yi magana a kai na RCRA ne.

Yadda tsarin yake, ana bin shara tun daga inda aka samar da ita har inda za ta ƙare. Masana'antar da ke fitar da kilo 1,000 ko fiye a wata tana sahun manya, mai kilo 100 zuwa 1,000 tana tsakiya, ƙasa da haka kuma ƙa'idojinta sun fi sauƙi. Ban da na ƙananan nan, duk lodin da zai fita sai da takardar rakiya: mai shara ya sa hannu, direban da ya ɗauka ya sa, wurin da aka karɓa shi ma ya sa. Idan lodi ya tashi bai isa ba, takarda za ta tona. Daga 2018 ana iya cike ta ta intanet. Wuraren ajiya da ƙonawa da binnewa sai da lasisi, kuma doka ta ce a duba su aƙalla sau ɗaya a shekara biyu.

To wa ke yin wannan duka? Ba ma'aikatan Washington ba. Dokar ta ba jiha dama ta rubuta nata ƙa'idojin, ta nemi EPA ta amince, daga nan ita za ta riƙa ba da lasisi da dubawa da cin tara. Sharaɗin guda ne mai ƙarfi: jiha na iya tsanantawa fiye da tarayya, amma ba ta da ikon sassautawa. Kalifoniya, misali, ta sa abubuwa da yawa a jerin masu guba waɗanda tarayya ba ta sa ba. Kusan duk jihohin sun karɓi aikin. Alaska da Iowa ne suka shafe shekaru EPA na yi musu kai tsaye.

Yanzu ga inda kuɗi ya shigo. Majalisar dokoki ta gane cewa ba za a ɗora wa jiha nauyi a bar ta da hannu biyu ba, sai ta sa sashe na 3011 a dokar, wanda ya ba da damar tallafi kowace shekara. Wajen rabo ana duba yawan sharar da ake samarwa a jiha da wadda ake safara da wadda ake binnewa, da kuma yadda mutane da muhalli ke fuskantar haɗarinta. Tarayya ba ta biyan fiye da kashi 75 cikin 100. Sauran kashi 25, aƙalla, jiha ce za ta kawo daga aljihunta. Kuma ba a miƙa kuɗin haka kawai. Jiha da ofishin EPA na shiyyarta, akwai shiyyoyi 10, su kan zauna su rubuta aikin shekara: masana'antu nawa za a duba, lasisi nawa za a kammala, wuraren da suka gurɓata nawa za a tilasta wa masu su gyara. Ƙarshen shekara a dawo a ga abin da aka yi. Jihar da ta yi sakaci, EPA na iya shiga ta gurfanar da kamfani da kanta, har ma doka ta ba ta ikon karɓe aikin baki ɗaya.

Wannan kashi 25 ɗin, ni shi ya fi burge ni. Gwamnan da ya zuba kuɗinsa a aiki ba zai ɗauke shi abin baƙo ba. Dattawanmu a nan sun tuna zamanin duba-gari, lokacin da jin ana cewa ga shi nan tafe ya isa ya sa a wanke randa a share kwata. Abin da ya ba shi kwarjini shi ne an san zai dawo. Haka mai duba masana'anta yake: ranar da masu kamfani suka gane babu man motar da zai kawo shi, ranar doka ta mutu.

Amma kada in nuna muku kamar komai lafiya. Wannan tallafi, a haɗe na duk jihohi, ya daɗe yana yawo a wajen dala miliyan 100 a shekara. Ku raba wa jihohi kusan hamsin, za ku ga abin bai taka kara ya karya ba a ƙasa mai masana'antu irin Amurka. Kuma adadin ya tsaya kusan cak shekara da shekaru, alhali albashi da kuɗin gwaji suna hawa, ga ƙarin aiki da gyaran dokar na 1984 ya kawo, wanda ya hana binne shara mai guba ba tare da an sarrafa ta ba. Sakamakon haka jihohi da yawa suna zuba fiye da kason da aka ɗora musu, wasu kuma suka koma karɓar kuɗin lasisi da haraji kan kowane tan daga kamfanoni. Ina goyon bayan mai ɓarna ya biya. Tsorona shi ne hukumar da abincinta ya rataya ga yawan sharar da ake kawowa, da kuma jiha matalauciya da ba ta da kamfanonin da za ta caja amma manyan motocin guba na ratsa ta. Ku kuma auna wannan: a 1995 kamfanin Occidental, wanda ya sayi Hooker, ya amince ya biya gwamnatin tarayya dala miliyan 129 kan aikin share Love Canal. Rami ɗaya ya ci fiye da tallafin shekara guda na ƙasa baki ɗaya.

Me ya haɗa mu da wannan? A 1988 aka jibge dubban ganguna na guba daga Italiya a garin Koko, wanda ke jihar Delta a yau. Abin da ya haifar da dokar soja mai lamba 42 kan shara mai cutarwa ke nan, da hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, kafin a kafa hukumar tilasta bin dokokin muhalli, NESREA, a 2007. Doka dai muna da ita.

Sai ku dubi Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gida. Yara fiye da 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Wannan ba sharar masana'anta ba ce, na yarda, amma tambayar kuɗin iri ɗaya ce. An share ƙauyuka bakwai da taimakon ƙungiyoyin waje, ƙauyen Bagega ya rage. Likitoci suka ce ba za su fara maganin cire dalma daga jinin yaro ba alhali zai koma ya yi rarrafe a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. An yi alƙawarin kuɗin tarayya a 2012, ba a sake shi ba sai farkon 2013, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta matsa lamba. Duk watannin nan yara suna zaune cikin gubar. Ba wanda ya rasa sanin abin da za a yi. Hanyar da kuɗi zai bi daga Abuja zuwa hukumar jiha, a kan lokaci kuma bisa doka, ita ce babu.

Ba na cewa mu kwafo tsarin Amurka ɗungurungum. Abin da nake roƙon waɗanda ke da kunnen 'yan majalisa a cikinku shi ne su nemi a ware wa hukumomin muhalli na jihohi kaso tsayayye kowace shekara, na duba shara mai guba kaɗai, jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, a kuma buga a fili wuraren da aka duba. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, da masu fasa tsofaffin batura suna narka dalma a bayan gari, nan ne ya kamata jerin farko ya soma.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya cika. Zan zauna in saurari tambayoyi, musamman daga 'yan'uwanmu da ke aikin dubawa a jihohi. Wassalamu alaikum.