Ƙwallaye 37 na Rashidi Yekini da yadda ake lissafin cin ɗan wasa a tawagar ƙasa

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka. Maganar da ta tara mu yau lamba ce guda ɗaya, wato 37, adadin ƙwallayen da marigayi Rashidi Yekini ya ci wa Super Eagles daga 1984 zuwa 1998. Kowa ya haddace ta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda ake haɗa irin wannan lamba, me ake sawa a ciki, me ake zubarwa.

A Kaduna aka haifi Yekini a 1963, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara taka leda kafin Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi. Daga nan sai Abiola Babes, sai Africa Sports ta Abidjan, sai Vitória Setúbal a Fotugal, inda ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar ƙasar a kakar 1993/94 da ƙwallo 21. Duk waɗannan ba sa cikin 37 ɗin. Ƙwallon kulob lissafinta daban.

To, me ke shiga? Wasan da babbar tawagar ƙasa ta buga da babbar tawagar wata ƙasa, dukkansu mambobin FIFA, a ƙarƙashin dokokin da aka yarda da su. Gasar cin kofin duniya da wasannin neman gurbinta, gasar cin kofin Afirka da nata wasannin share fage, sai wasannin sada zumunta da aka yi wa rajista. Idan Najeriya ta kara da wani kulob a sansanin atisaye, ko da an ci goma, babu wanda za a rubuta wa ko ɗaya. Haka wasan da Super Eagles ta yi da yankin Kataloniya a Janairun 2013, aka tashi kunnen doki 1-1. Kataloniya ba mamba ba ce a FIFA, saboda haka wannan ƙwallon ba ta shiga kundi.

Ku ɗauki gasar Afirka ta 1994 a Tunisiya, domin a nan lissafin ya fi fitowa fili. Yekini ya ci Gabon biyu. Da Masar aka tashi babu ci. Ya ci Zayar biyu a zagayen kwata fainal. A wasan kusa da na ƙarshe da Kwaddibuwa ya farke ta biyu, aka tashi 2-2, aka tafi bugun fenariti, kuma shi ya buga na ƙarshe da ya kai Najeriya wasan ƙarshe. Ku ƙirga: biyu, biyu, ɗaya, biyar ke nan. Wannan fenariti na raba gardama, duk da shi ne ya fi kowanne nauyi a ranar, ba a sa shi a lissafi. Dalili kuwa, a doka wasa ya riga ya ƙare, bugun hanya ce kawai ta fitar da gwani. Amma fenaritin da alƙalin wasa ya bayar cikin minti 90 ko cikin ƙarin lokaci, wannan ƙwallo ce cikakkiya. Masu musu a majalisa a nan suka fi yin tuntuɓe.

Idan aka haɗa gasannin Afirka da ya ci a cikinsu, ɗaya a 1988, uku a 1990, huɗu a 1992, biyar a 1994, ana samun 13. Samuel Eto'o mai 18 da Laurent Pokou mai 14 ne kaɗai suka fi shi. Ma'ana sama da kashi ɗaya cikin uku na ƙwallayensa a tsakiyar gasa ya ci su, inda mai tsaron baya ba ya wasa da aikinsa. A ganina wannan ya fi lambar 37 ɗin kanta faɗin ko wane ne Yekini.

Gasar duniya kuwa ƙwallo ɗaya tak gare shi, amma wace iri! Ranar 21 ga Yuni 1994 a Dallas, Finidi George ya gangaro ta dama ya shimfiɗo ta ƙasa, Yekini ya tura ta raga, ya bi ta ciki ya riƙe ragar da hannu biyu yana kuka yana kururuwa. Ita ce ƙwallon Najeriya ta farko a tarihin gasar, aka kuma doke Bulgeriya da ci 3 da nema. A kundi dai ɗaya ce, daidai da kowace cikin huɗun da ya zuba wa Burkina Faso a Legas a 1991, ranar da aka tashi 7-1.

Yanzu mu zo inda ake samun matsala. Wasa nawa ya buga? Wani littafin zai ce 58, wani 62, wani ma 70. Bambancin yana zuwa ne daga wasannin Olamfik, kamar na Seoul a 1988 da wasannin neman gurbinsu, da ƙananan gasannin gayyata, da kuma wasannin shekarun 1980 da takardar alƙalin wasa ta ɓace, sai rahoton jarida kawai. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da shi ake auna kaifin ɗan wasa. Raba 37 da 58, za ka samu kusan 0.64 a kowane wasa. Raba da 62, ya koma 0.60. Raba da 70, ya sauko 0.53. Mutum ɗaya, ƙwallaye iri ɗaya, amma alƙaluma uku. Don haka duk wanda ya kawo maka kwatance, fara tambayarsa kundin wa ya ɗauka.

Kada ku ɗauka wannan ciwon na zamanin da ne kawai. A Satumbar 2021 hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta yi shelar cewa Ahmed Musa ya cika wasa 100, FIFA ta ce 98 ne. An cire wasan sada zumunta da Togo na 2017 a Faransa saboda an yi canjin 'yan wasa fiye da ƙa'ida, alhali Musa ya ci biyu a ranar. An kuma cire wasan Aljeriya na Nuwambar 2017, wanda aka tashi 1-1 a fili amma aka ba Aljeriya 3-0 a tebur, saboda an sa Shehu Abdullahi alhali yana da dakatarwar katin gargaɗi. Kuskuren benci da na ofis ke nan, ɗan wasa ya biya. Irin wannan ci na tebur ba shi da mai shi. Uku da neman da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ba Najeriya a kan Libiya a Oktoban 2024, ba tare da an taɓa ƙwallo ba, babu ɗan wasan da aka rubuta wa ko guda. Haka idan mai tsaron baya ya ci gida, ba a ba wanda ya bugo ta, sai dai in dama ƙwallon ta nufi raga ta ɗan goge shi kawai.

Shekaru da dama babu wanda ya matso kusa. Segun Odegbami yana da 23, Yakubu Aiyegbeni ya tsaya a 21. Victor Osimhen ne ya wuce Odegbami a Maris 2025 da ƙwallo biyun da ya ci Ruwanda a Kigali, kuma kafin shekarar ta ƙare ya haura 30. Mai son kwatanta Osimhen da Yekini sai ya yi aiki ukun nan: ya ɗauki kundi ɗaya ga dukkansu, ya ware ƙwallayen gasa daga na share fage da na sada zumunta, sannan ya duba su wa aka ci. Huɗun da Osimhen ya ci Sao Tome a 2022, ranar da aka yi 10-0, a jera su kusa da huɗun Yekini na Burkina Faso, kada a jera su da na Tunisiya.

Akwai mai tambaya a can baya, a miƙa masa makirfo.