Damina Ba Ta Jin Umarnin Darakta

Wannan lacca ce da wani mai shirya fim, haifaffen birnin Zazzau, ya gabatar ga ɗalibai da masu sha'awar harkar fim a Samaru, Zariya. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu mata, ƙannena ɗalibai, barkanmu da ruwa.

A cikin finafinan Hausa da kuka kalla tun tasowarku, nawa za ku iya tunawa da aka nuna damina ta gaske? Ban ce waƙar nan da ake hayo tankar ruwa a jiƙa jarumi da jaruma ba, rana kuwa tana ƙwallewa a bayansu. (Dariya.) Ina nufin damina da hadarinta da taɓonta, da manomin da ya saɓa fartanya tun asuba, da matar da ke jera kwanoni a tsakar ɗaki saboda yoyo. A nan Zariya ruwa yakan sauka daga wajen Mayu har zuwa farkon Oktoba, kusan rabin shekara kenan. Wannan rabin shekarar babu shi a finafinanmu. Wanda zai zo bayan shekara ɗari ya kalle su sai ya ɗauka Bahaushe a falo aka haife shi, a falo ya tsufa, kuma sama ba ta taɓa zubo masa ko yayyafi ba.

Na san dalili, don a cikin sana'ar nake. Kayan aiki haya ake ɗauko su, kwana-kwana ake biya, kuma furodusa da ƙwandalarsa a hannu yake lissafi. Ruwa ya sauka a kan kwano, maganar jarumi ta tafi. Ka ɗauki rabin fitowa da safe cikin lumshi, ka dawo bayan azahar rana ta buɗe, edita ya rasa yadda zai haɗa su. Motar kaya ta kafe a hanyar ƙauye, yini ya wuce. Shi ya sa kowa ke rububin gama aikin waje da rani. Ban ga laifin kowa ba. Amma an yi asara, kuma ni sai da na je ƙasar wasu na san girmanta.

Shekarun baya aikin haɗa sauti ya kai ni Indiya, kuma tafiyar ta faɗo daidai da daminarsu. Iskar da ke kawo musu ruwa takan taso daga teku ta kudu maso yamma, ta fara sauka a jihar Kerala wajen 1 ga Yuni, ta yi ta haurawa arewa, ta iso Mumbai bayan kamar kwana goma. Daga Yuni zuwa Satumba suke samun kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan shekararsu. Ku riƙe wannan lissafin: mu nan Zariya abin da muke samu a shekara bai wuce milimita 1,000 da 'yan kai ba. A ranar 26 ga Yuli, 2005, Mumbai ta sha milimita 944 cikin kwana ɗaya. Kusan daminarmu sukutum, a yini da dare guda. Mutane da yawa suka rasu, jiragen ƙasa suka tsaya cak, kuma har yau in ka ambaci ranar ga ɗan garin sai ka ga fuskarsa ta sauya.

To a can na gane cewa waƙar cikin ruwa da muka aro tana da saiwa. Kafin ruwan ya zo sun sha zafin Afrilu da Mayu, irin wanda ke kashe mutane a hanya. A kiɗansu na gargajiya akwai zubin da aka keɓe wa damina, suna ce masa Malhar. Mawaƙansu sun yi ɗaruruwan shekaru suna waƙe matar da ke kallon gajimare tana jiran mijin da ya yi nisa. In jaruminsu ya fita cikin ruwa yana rawa, ɗan kallo ya san zafin da aka fito daga ciki. Mu sai muka ɗauko rawar muka baro zafin a can. Alhali me muka rasa? Muna da bazara, wadda ke hana mutum barci a ɗaki. Muna da ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Muna da 'yan ci-rani da ke cika tashoshin Legas da Fatakwal da Abuja da zarar an ce ruwan shuka ya sauka a gida. Labarin mutumin da ya bar matarsa a lokacin kaka, ya dawo da ruwan farko ya tarar gida ba yadda ya bar shi ba, wa ya hana mu yin sa?

Abokin da na fi ƙaruwa da shi a tafiyar nan wani Musulmi ne ɗan Kerala, mai ɗaukar sauti. Ruwa ne ya haɗa mu. Mun fake a rumfar mai shayi, titi ya koma rafi, babu mai iya gusawa. Turancinsa a karye, nawa ma ba a miƙe yake ba, amma da na ga ya ciro na'urarsa ya rufe ido yana saurare, na san ɗan gida ne. Ya miƙo mini abin kunne. Ya nuna mini cewa ruwa ba shi da murya tasa, muryar abin da ya faɗa wa yake ara: ta kan kwano daban, ta kan tamfol daban, ta kan ganyen ayaba daban. Yana da tarin sautin ruwa da ya naɗo daga garuruwa, kowanne da sunan wurin da ranar. Tun daga nan nake naɗar namu. Ina da na indararon soro a cikin birni, ina da na kukan kwaɗi a bakin kogin Kubanni bayan isha'i.

Da lokacin sallah ya yi sai muka yi 'yar muhawara mai daɗi. Musulmin Kerala galibinsu Shafi'awa ne, a wurinsu ana haɗa azahar da la'asar saboda ruwa. Na ce masa mu Malikawa magariba da isha'i kawai muke haɗawa. Ya yi dariya ya ce da Imamu Malik ya yi damina ɗaya a garinsu da ya sassauta. Shi ne ya tuna mini cewa iskar nan da ke kawo ruwa ita ta riƙa koro jiragen fataken Larabawa zuwa gaɓarsu, kuma dole su zauna wata da watanni sai iska ta juya kafin su koma. A zaman jiran nan aka yi aure, aka hayayyafa, aka gina masallatai. A garin Kodungallur akwai masallacin da mutanen can ke cewa shi ne na farko a ƙasar Indiya. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, jira ne ya dasa Musulunci a wannan gaɓa, jiran abin da ba ya hannun kowa.

Daga Mumbai na hau jirgin ƙasa zuwa Pune, inda makarantar fim ta gwamnatinsu take tun 1960, da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da aka kafa a 1964. Jirgin yana hawa duwatsu, ruwa na zubowa ta kowane tsagi. A can na zauna da wani edita mabiyin addinin Jain. Ya gaya mini malamansu, waɗanda duk shekara a ƙafa suke yawo, in damina ta kama sai su zauna wuri ɗaya wata huɗu, gudun kada su taka tsiro da ƙananan halittun da ruwa ya fito da su. Malaman addinin Buddha su ma sukan yi zaman wata uku. Addinina daban, nasa daban, kuma babu wanda ya nemi jan wani. Amma na ce masa kakannina ma sun san wannan zaman ta wata fuskar. Fatake da rani suke tafiya. Almajirai da rani suke fita. Ruwa na sauka kowa ya nufi gonar ubansa.

Da na dawo sai na ɗauri aniyar yin yawo a ƙasarmu da damina, ni da kyamara da yaro ɗaya mai riƙe mini lema. Na bi ƙauyukan Soba da Makarfi, na hau Jos, na gangara har bakin kogi a Lokoja. A wani ƙauye na sauka gidan wani dattijo cikin marka, a tsakiyar Agusta. Masara ta yi kore shar, dawa ta kai ƙirji, ina ta ɗauka ina yaba kyau. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗana, zo ka ɗauki wannan ma." Ya buɗe mini rumbu. Babu komai sai ƙaiƙayi. Na ce, "Baba, ai ga gona ta yi albarka." Ya ce, "Ta yi wa ido. Yau kwaɗon rama da tafasa za mu ci, kai ma shi za ka ci."

Ƙannena, wannan ita ce damina. Lokacin da gona ta fi kyau, lokacin ne hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, mudu ya yi tsada, sauro ya yi yawa, yara na kwance da zazzaɓi. Kyamara in ka bar ta da son ranta kore kawai za ta kawo maka. Aikinka ne ka juya ta ta kalli rumbu. Har yau in na bi hanyar nan sai na tsaya gidan dattijon nan, kuma bai taɓa tambayata ina fim ɗin ya kwana ba. Tambayarsa ɗaya ce, ko an yi ruwa a Zariya.

Bari in taɓa abin da ya fi damuna. Sana'ar darakta sana'ar ba da umarni ce. Kai za ka ce a fara, kai za ka ce a tsaya, ka ce wa dattijo ya yi kuka ya yi, ka ce a maimaita a maimaita. In mutum ya daɗe a haka wani abu yakan shiga zuciyarsa ba tare da ya sani ba. Damina ce maganin abin. Ka tara mutum talatin, ka biya kowa, hadari ya haɗo daga gabas, shi kenan, sarauta ta ƙare. Ku lura, daga gabas yake zuwa, duk da cewa danshin daga Tekun Atilantika yake hawowa ta kudu maso yamma. Masana yanayi sun ce guguwar da ke ratsa mu tana yin yamma, wasu daga cikinta in sun faɗa teku su ne ke girma su zama mahaukaciyar guguwar da ke afka wa Amurka. Duk wannan ilmi ne mai amfani, ni ma ina duba hasashen yanayi kafin in fita. Amma a ƙarshen Suratu Luƙman Allah ya lissafa saukar da ruwa cikin abubuwan da ya riƙe a wurinsa, kuma duk wanda ya taɓa jiran hadari da kyamara a kafaɗa ya ɗanɗani ma'anar ayar.

Akwai hadisin Anas a cikin Sahihu Muslim, cewa ruwa ya same su tare da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya yaye wani sashe na tufafinsa don ruwan ya taɓa jikinsa, ya ce domin yanzu ya zo daga wurin Ubangijinsa. Manzon Allah ne kuma da ruwa ya yi yawa a Madina har gidaje suka fara rushewa, ya roƙi Allah ya mayar da shi kewayen gari. Murna da tsoro, duka biyu sunna ce. Mu mutanen Zazzau ba sai an ba mu labari ba. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, wanda masana gini ke zuwa daga ƙasashe don su ga bakan gizonsa, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufinsa, a ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashensa ya rufto kan masallata ana sallar la'asar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ginin ƙasa kullum cikin ciniki yake da ruwa: yaɓe, gyaran indararo, duba azara kafin ruwan farko. Magina tsofaffi da suka san wannan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga wanda ya zaunar da su gaban kyamara ba.

(Wata ɗaliba ta tambaya yadda mai ƙaramin ƙarfi zai yi aiki cikin ruwa.)

Madalla, ƙanwata. Da farko ki sani ruwa ba ya fitowa a hoto sai haske ya bugo shi ta baya ko ta gefe, kuma bayansa da duhu. In kika haska shi ta gaba, zai ɓace, mutane su ga jarumi ya jiƙe ba su ga abin da ya jiƙa shi ba. Sautin ruwa ki naɗe shi daban, maganar 'yan wasa kuma ki nemi ɗakin soro, don rufin ƙasa yana shanye ƙara, kwano kuwa ganga ne. Gilashin kyamara yana yin fumfuna saboda danshi, saboda haka kada ki rufe shi a jaka yana jiƙe, ki tara 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ki zuba a akwatin. Lumshin bayan ruwa kuwa, babu fitilar haya da ta kai shi taushi a fuskar baƙin mutum, kuma kyauta ne. Abu na ƙarshe, ki rubuta kowace fitowa ta waje da 'yar'uwarta ta cikin ɗaki, ki riƙe su biyun a rana ɗaya. In gari ya buɗe ku fita, in ya haɗe ku shiga ciki. Ki gaya wa furodusa tun kafin a fara cewa cikin kowane mako akwai kwanan da ba naku ba ne, ya sa shi a lissafi.