Me ya sa burtsatsen bakin teku ke komawa zartsi?

Jama'a, tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ke nan, musamman daga mutanenmu na Legas: burtsatse tana ba da ruwa garau shekara da shekaru, sai kawai ta fara zartsi. Teku ce ta ɓalle ta shigo?

Tuntuni tana ƙarƙashin gidajen.  Litar ruwan daɗi kilo 1 ce, ta ruwan teku kusan kilo 1.025. Saboda wannan ɗan fifikon, ruwan gishiri yake kwanciya a ƙasa, na daɗi ya hau kansa.

To, a nan ake ruɗewa, don haka mu tafi a hankali. Wani Baholande, Ghyben, da wani Bajamushe, Herzberg, su suka fitar da lissafin fiye da shekara 100 da suka wuce. Idan ruwan rijiyarka ya ɗara tsayin teku da mita 1, akwai kusan mita 40 na ruwan daɗi a ƙasa kafin a taɓo gishiri. Yanzu kunna injin, ruwan ya sauka da mita 1 kacal. Kai a sama ba ka ga abin damuwa ba. A can ƙasa kuwa, sannu a hankali gishiri na iya tasowa har mita 40, yana nufo bakin bututunka.  Kuma kashi 2 cikin 100 na ruwan teku ya isa ya ɓata ruwan sha.

Zafi ma yana da hannu. Ruwa mai ɗumi ya fi sauƙin nauyi, ya kuma fi tsinkewa: a digiri 50 yana ratsa yashi kusan ninki biyu na yadda yake yi a digiri 20.

Shi ya sa masu kwaikwayon tafiyar ruwa a kwamfuta ba sa tsayawa kan manhajar MODFLOW ta asali, wadda ta ɗauki nauyin ruwa ɗaya ne ko'ina. Sukan koma ga manhajar SEAWAT ko SUTRA, masu la'akari da bambancin nauyin ruwa, domin mita 40 na ruwan teku yana danna ƙasa daidai da mita 41 na ruwan daɗi. Rijiyoyi biyu na iya nuna tsayi ɗaya alhali ruwa na gudu tsakaninsu.

Abin da ke damuna shi ne mai cewa a ƙara zurfi. Ɗan'uwa, a wannan shimfiɗar yashin, gishirin kake bi. Rage ja, ka riƙa auna zartsin ruwan, don in ya shiga, korarsa kan ɗauki shekaru.