Bo'aza da Mu: Jawabi a Taron Zumuntar Maza

Salamar Ubangiji ta kasance tare da mu duka. Baba Rabaran, dattawan ikilisiya, shugabannin Zumuntar Maza, ina gaishe ku. Na baya can, kuna ji na? To, madalla. Iyayenmu mata da ke wajen murhu, na san kunnenku yana nan, ku ma sannunku da aiki. Yau dai mun kusa cika ɗakin sujada. Da taron Zumuntar Mata ne, da tun safe an ji tulu da caki, kowa da anko. Mu kuwa sai an ce akwai nama. (Dariya)

An ce in yi magana a kan yadda Littafi Mai Tsarki yake kallon namiji. Na zaɓi mutum huɗu: Adamu, Bo'aza, Eli, da Yusufu mijin Maryamu. Sakatare ya ba ni minti 40, za mu ga yadda za ta kaya.

Na farko Adamu, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Farawa 2:15, Allah ya sa shi a gonar Aidan ya noma ta, ya kiyaye ta. Aiki ya riga aure zuwa, samari ku rubuta wannan. A sura 3 aya 6, da matar ta ci 'ya'yan itacen, ta miƙa wa mijinta da yake tare da ita. Yana nan, bai ce uffan ba. Da Allah ya zo, mutumin ya kira, ya ce kana ina? Shi kuwa ya ce matar nan da ka ba ni ce. Har yau amsarmu ke nan. Yaro ya lalace, laifin uwarsa. Kuɗi ya ƙare, matar ce ba ta iya tattali ba.

Na biyu Bo'aza. Nan kam ku gyara zama.

Ku buɗe Littafin Rut. Sura huɗu ce kawai, kafin shayi ya huce ka gama ta. Ayar farko ta ce abin ya faru a zamanin mahukunta. Wanda ya karanta ƙarshen Littafin Mahukunta ya san irin zamanin nan, babu sarki, kowa yana yin abin da ya ga dama, mace ba ta da tabbacin za ta kwana lafiya a garin da ba nata ba. A cikin wannan zamani ne wani manomi a Baitalami ya zo gonarsa lokacin girbin sha'ir. Bai yi yaƙi ba. Bai kashe zaki ba kamar Samson. Ba mu da wa'azinsa ko ɗaya. Manomi ne mai hali, shi ke nan.

Me ya fara yi da ya iso? Sura 2 aya 4, ya gai da masu girbi, ya ce Ubangiji ya kasance tare da ku, suka ce Ubangiji ya sa maka albarka. Ku tsaya a nan. 'Yan ƙwadago ne suke sa wa maigida albarka. Yaranka na shago, in ka juya baya, albarka suke sa maka? Kada ka amsa, na ga wasu sun sunkuyar da kai. (Dariya) Mun iya "Yabo ga Ubangiji" ranar Lahadi, ranar Litinin kuma mai yi mana noma ya zo karɓar kuɗinsa mu ce ya dawo ranar kasuwa. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce ka biya shi a ranar, kada rana ta faɗi da hakkinsa a hannunka, domin matalauci ne, a kai ya sa zuciyarsa. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka hana masu girbi yana kuka. Kuɗin ne da kansa yake kuka a aljihunka, kai kuwa kana gaba kana jan waƙa.

Sai ya hangi baƙuwar fuska cikin masu kala. Ya tambaya, aka ce 'yar Mowab ce, surukar Na'omi. Rut ke nan, mijinta ya mutu. Baƙuwa, gwauruwa, ba ɗa, ba gata. Dokar kala tana nan tun a Littafin Firistoci 19:9 da 10: kada ka girbe gonarka har gefe, kada ka koma tsince abin da ya zuba, ka bar wa matalauci da baƙo. Mu ma mun san kala, tsofaffinmu mata suna bin gonar gyaɗa bayan an cire. Da Bo'aza ya tsaya a kan doka kawai, ba wanda zai zarge shi. Amma ku ji abin da ya ce mata: 'yata, kada ki je wata gona, ki bi 'yan matana, na riga na gargaɗi samarin nan kada su taɓa ki, in kin ji ƙishi ki sha daga ruwan da suka ɗebo.

Na gargaɗi samarin. Wannan ne ya kama ni. Ya san halin yaransa, bai yi kamar bai sani ba. Bai jira sai abu ya faru a kira taron dattawa ba. Hausawa suna cewa namiji barkono ne, sai an tauna a san yajinsa, muna kuwa jin daɗin karin maganar nan. To yajin Bo'aza samarinsa ne suka ji shi, Rut ba ta ji ba. Mu namu yajin a kan wa yake sauka? A kan matar gida da yara. A ofis kuwa, gaban oga, ruwan sanyi ne mu.

Lokacin cin abinci ya kira ta ta zauna tare da masu girbi, ya miƙa mata gasasshen hatsi da hannunsa, ta ci ta ƙoshi har ta rage. Da ta tashi, sai ya ce wa yaransa su riƙa zare zangarku daga dami suna yar mata, kada kuma su tsauta mata. Kun ga dabara? Tana tsammani ƙoƙarinta ne. Ya taimake ta, ya bar mata mutuncinta. Mu in muka ba gwauruwa mudu biyu na masara, sai an yi sanarwa, an ɗauki hoto an sa a Facebook. Ran nan ta koma gida da efa guda na sha'ir, masana suna ƙiyasta shi wajen lita 22, garwa guda da ɗan ƙari, kalar yini ɗaya.

Sakatare yana ɗaga mini agogo. Na gani, ɗan'uwa, na gani.

Sura 3, masussuka, tsakar dare, ya farka ya ga mace a wajen ƙafafunsa, ashe Rut ce, ta zo roƙonsa ya fanshe ta, wato ya aure ta a matsayinsa na dangin mijinta. Ba shaida. Bai taɓa ta ba. Ya faɗa mata gaskiya cewa akwai wanda ya fi shi kusanci da iyalin, sai an fara jin ta bakinsa. Na'omi ta ce wa Rut ki zauna, mutumin nan ba zai huta ba sai ya gama maganar yau. Yau! Wa zai ba da wannan shaida a kanka? Ya tafi ƙofar gari, ya tara dattawa 10. Wancan dangin, da ya ji gona ce ya ce zan fansa, da ya ji akwai gwauruwa a ciki ya ce ba zan iya ba, kada in ɓata gādona. Ya tuɓe takalmi ya miƙa wa Bo'aza, alamar ya bar masa fansar. Mun san irinsa. Ɗan'uwa ya mutu, ba a gama zaman makoki ba an fara tambayar takardar fili da makullin babur, matar da marayun kuwa su koma gidansu. Kuma a zamaninmu gwauraye sun yi yawa. Ku tambayi 'yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, abin da suka gani a Borno da Adamawa, har hedikwatarsu ta Kwarhi aka mamaye a 2014. Ku duba ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna. Wancan dangin da ya ƙi fansa, ko sunansa ba a rubuta ba. Bo'aza kuwa ya auri Rut, ya haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda, sunansa yana Matiyu 1:5.

Na huɗu... a'a, na uku ne ko? To, Eli. Firist ne, shekara 40 yana shugabancin Isra'ila, 'ya'yansa Hofni da Finehas suna ƙwace naman hadaya. Ya yi musu magana, amma 1 Sama'ila 3:13 ta ce bai hana su ba. Dattawa, kwamiti ba ya renon yaro. Yusufu kuwa, a cikin Linjila ba a rubuta kalma ɗaya da ta fito daga bakinsa ba, sai dai ya tashi, ya ɗauki yaron, wato Yesu, da uwarsa da dare, ya nufi Masar. Sai wani lokaci. Akwai hannu a can, ku ba shi makirufo.

(Tambaya: Baba, aikina ya tsaya, matata ce take ciyar da gida da sana'arta. An karanta mini 1 Timoti 5:8, cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Ni ke nan?)

Ɗana, na gode da ka faɗa a fili, ba kai kaɗai ba ne a ɗakin nan. Wanda ya karanta maka ayar, da ya karanta surar duka. Bulus yana magana ne a kan gwauraye, da dangin da suke da hali amma suka bar wa ikilisiya nauyin iyayensu. Mai ƙi daban, marar samu daban. Ka karanta Karin Magana 31, macen nan ita ta duba gona ta saya, tana saƙa tana sayarwa, mijinta bai ji kunya ba, yabonta yake yi. Luka 8:3, mata ne suke ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa daga abin hannunsu. Akila da Bilkisu tare suke ɗinkin tanti.

Amma kada ka tafi da rabin magana. In ta fita kasuwa, kai ka ɗebo ruwa, ka kai yara makaranta, ka duba aikinsu na gida. Kada ka taɓa jarinta, ko da sunan rance. Kada ka wuni a majalisa ko gidan caca ka dawo kana tambayar me ya sa miya ba nama. Kuma kada ka raina ƙaramin aiki don kana da takarda.

Sauran ku kuma, kuna jin sa. Girbi ya kusa. Wanda yake neman hannu a gona, ko shago, ko wajen gini, ya tsaya bayan addu'a, sakatare zai rubuta sunaye, da na masu neman aikin. A faɗi kuɗin tun yanzu a gaban dattawa. Baba Rabaran, na ci lokacinka, ka rufe mana da addu'a, mata sun ce shinkafa tana hucewa.