Yadda Ake Neman Banh Mi Mai Kyau a Birnin Saigon

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau ya shafi wani burodi ne da mutanen ƙasar Biyetnam suke tsagawa su cusa masa nama da kayan lambu, wanda suke kira banh mi, da kuma yadda baƙo zai gane mai kyau idan tafiya ta kai shi birnin Ho Chi Minh, wanda har yanzu yawancin mazaunansa suke kiransa da tsohon sunansa na Saigon, duk da cewa an sauya sunan tun a shekarar 1976.

Wanda ya saba da dogon burodin da ake sayarwa a Yamai ko Maraɗi ba zai ga wannan burodi a matsayin baƙon abu ba, domin asalinsu ɗaya ne. Faransawa ne suka kawo shi bayan sun kama Saigon a shekarar 1859, kuma an daɗe ana ɗaukarsa abincin Turawa da masu hannu da shuni. Daga baya masu gashin burodi na ƙasar suka gajarta shi, suka sa ɓawonsa ya yi sirara, cikinsa kuma ya yi sakayau, yadda zai ɗauki kayan haɗi masu yawa. Bayan raba ƙasar gida biyu a shekarar 1954, mutanen arewa da dama sun yi ƙaura zuwa kudu, kuma a cikinsu ne wasu ma'aurata suka buɗe shagon Hoa Ma a shekarar 1958, wanda ake lissafa shi cikin wuraren farko da suka fara sayar da burodin da naman a cikinsa.

To, abin da za ka fara dubawa shi ne burodin kansa, domin idan ya lalace, babu naman da zai gyara shi. Ka saurara da kyau lokacin da mai sayarwa take tsaga shi da wuƙa. Burodi mai kyau yana yin ƙara, ɓawonsa yana farfashewa, ɓurɓushinsa yana zuba a kan teburi, kuma idan ka riƙe shi za ka ji kamar ba ka riƙe komai ba saboda rashin nauyi. Idan kuwa ka ga wuƙar tana jan sa kamar roba, to ya sha iska. Saigon gari ne mai zafi da laima, kuma wannan irin burodi ba ya jure sa'o'i masu yawa a waje, shi ya sa masu sana'ar da suka san abin da suke yi suke karɓar sabon gashi fiye da sau ɗaya a rana, ana kawo musu a manyan kwanduna a bayan babur. Ka leƙa kuma ka ga ko akwai ɗan wurin ɗumama burodi a jikin keken da mai sayarwa take turawa, wani lokaci da garwashi a ƙarƙashinsa, inda ake saka kowane burodi na ɗan lokaci kafin a tsaga shi. A ganina wannan ɗan akwati ya fi kowane allon talla faɗin gaskiya.

Saboda haka lokaci yana da muhimmanci. Daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe ne aka fi cin sa, sai kuma da yamma idan an tashi daga aiki. Ka nemi wurin da masu babura suke tsayawa, su yi oda ba tare da sun sauka ko sun kashe injin ba, domin waɗannan mutanen unguwa ne da suke saye kullum, kuma ba za su dawo wurin da aka taɓa ba su burodin jiya ba. Layin da baƙi masu kyamara suka cika shi yana nuna suna ne kawai, kuma suna daban, ɗanɗano daban.

Sai kayan haɗi. Ana shafa niƙaƙƙiyar hanta, wadda suke kira pate, a gefe guda, a shafa wani man ƙwai mai kama da bama a ɗaya gefen, sannan a jera nama, a ɗora kokwamba da aka yanka a tsaye, da ganyen koriyanda, da ɗanyen barkono, a yayyafa ruwan maggi ko miyar waken suya. Abin da ke ɗaure su duka shi ne do chua, wato karas da wata farar saiwa da aka yayyanka sirara aka jiƙa a ruwan tsami da sukari. Ya kamata su yi garas-garas a baki, tsaminsu ya yanke maiƙon naman. Idan sun yi laushi sun saki ruwa, za su jiƙa burodin tun kafin ka kai rabi. Game da barkonon kuwa, kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, yana da zafi matuƙa.

Yanzu mu zo kan batun da ya fi shafar yawancin masu sauraronmu, wato batun halal. Shahararrun shaguna irin su Huynh Hoa da ke titin Le Thi Rieng, inda ake jera nama hawa-hawa har burodin ya yi nauyi, da shi kansa Hoa Ma, sun yi suna ne da naman alade. Kuma matsalar ba a naman da ido yake gani kaɗai take ba. Ita pate galibi da hantar alade ake yin ta, kuma ana shafa ta tun kafin a tambaye ka, ko da ƙwai ko kaza ka nema. Akwai kuma cha bong, wanda duk Bahaushen da ya gan shi zai rantse dambun nama ne, alhali mafi yawansa na alade ne. Mutanen kudu suna kiran alade heo, na arewa kuma suna cewa lon, saboda haka a Saigon sai ka ce "khong thit heo, khong pate", ma'ana ban da naman alade, ban da hanta. Sai dai ka sani cewa wuƙa ɗaya da hannu ɗaya ne suke aikin duka, don haka wannan magana ba ta wadatar ba ga mai son ya kauce wa shubuha.

Hanyoyi biyu ne suka fi kwantar da hankali. Ta farko ita ce ka nemi allon da aka rubuta chay, wato abincin da babu nama a cikinsa, irin wanda mabiya addinin Buddha suke ci, musamman a ranar 1 da ranar 15 ga watan gargajiyarsu. A irin waɗannan wurare awara da naman kaza na tsiro (wato laimar kwaɗi) ake cusawa, kuma idan awarar ta soyu da kyau ba za ka yi kewar nama ba. Ta biyu ita ce ka nufi inda Musulmi suke harkokinsu. Titin Nguyen An Ninh, wanda yake daura da ƙofar yamma ta kasuwar Ben Thanh, cike yake da wuraren cin abinci na halal saboda yawan baƙi daga Malesiya, kuma akwai irinsu a kewayen babban masallacin da ke titin Dong Du, wanda Musulmin kudancin Indiya suka gina a shekarar 1935. A can sai ka tambayi 'yan ƙabilar Cham, waɗanda su ne mafi yawan Musulmin ƙasar, su nuna maka mai banh mi na kaza ko na naman sa.

Kuɗinsa a bakin titi yakan kama daga dong 20,000 zuwa 30,000 na kuɗin ƙasar, wato kusan dala 1, ko da yake na manyan shaguna yana ninka haka. Ka riƙe ƙananan takardun kuɗi, domin mai keken turawa ba kasafai take da canjin dong 500,000 da sassafe ba. Idan an miƙo maka shi a naɗe cikin takarda, ka ci shi nan take yana da ɗumi, kuma kada ka bari a ɗaure shi a leda, saboda tururin zai sassauta ɓawon kafin ka isa masauki.